Daga Liyafar Garstang Zuwa Sikelin Kumasi: Yadda Cinikin Adalci Ya Shiga Aji

A watan Maris na shekarar 2000 wani likitan dabbobi mai suna Bruce Crowther ya sake dabara. Shekara takwas ke nan shi da abokansa na reshen ƙungiyar Oxfam a Garstang, wani ɗan gari a yankin Lancashire na arewa maso yammacin Ingila, suna bin mutane da roƙon su riƙa sayen kofi da ganyen shayi da cakulan waɗanda aka biya manomansu farashi na mutunci, amma kamar ana zuba ruwa a kwando. Sai suka dafa abinci. Suka gayyaci 'yan majalisar gari da shugabannin makarantu da malaman majami'u da masu kantuna, kuma duk abin da aka ɗora a tebur ko dai daga kayan cinikin adalci ne ko daga gonakin da ke kewaye da garin. Da aka ƙoshi ba a nemi ko kwabo ba. Takardar alkawari aka miƙa wa kowa ya sa hannu cewa makarantarsa ko kantinsa ko majami'arsa za ta fara amfani da waɗannan kaya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A watan Afrilu taron jama'ar garin ya kaɗa ƙuri'a, Garstang ta naɗa wa kanta sarautar garin cinikin adalci na farko a duniya, sarautar da babu wanda ya san da ita sai ranar.

Mutanen garin ba su kai 5,000 ba a lokacin. Yau garuruwa sama da 2,000 a ƙasashe fiye da 30 suna ɗauke da wannan suna. Amma Garstang ba ita ta haifi tunanin ba, ta dai samo masa hanyar shiga gari ne.

Tushen ya yi nisa. A 1791, bayan majalisar dokokin Birtaniya ta ƙi haramta cinikin bayi, iyalai suka daina sayen sukarin da bayi ke nomawa a tsibiran Karibiyan. Thomas Clarkson, wanda ya zaga ƙasar yana wa'azi kan lamarin, ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka ƙaurace wa sukarin, kuma mata ne suka riƙe yajin, domin su ke da ikon cefane. Birnin Lancaster, wanda bai da nisa da Garstang, yana cikin manyan tasoshin jiragen bayi na Ingila a wancan ƙarni. Crowther ya sha jawo hankalin yaran makaranta zuwa ga wannan tarihi na ƙofar gidansu, don su ga cewa abin da ke cikin kofin shayi ya taɓa zama batun halal da haram a yankinsu.

Cinikin adalci na zamani kuwa a bayan mota ya fara. A 1946 wata Ba'amurkiya, Edna Ruth Byler, 'yar ɗarikar Mennonite, ta ga aikin sakar hannu na matan Puerto Rico, ta saro, ta riƙa sayarwa ƙawayenta da 'yan majami'arsu daga but ɗin motarta. Wannan talla shi ya zama kantunan Ten Thousand Villages. A 1968, a taron ciniki na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a New Delhi, ƙasashe masu tasowa suka ɗaga murya cewa ciniki suke so, ba sadaka ba. Shekara guda bayan haka aka buɗe kantin farko na kayan ƙasashe masu tasowa a garin Breukelen na Holan, 'yan sa kai ke tsaronsa. A Ingila kamfanin Traidcraft, wanda aka kafa a 1979, ya dogara ne da dubban masu sa kai da ke baza kaya a kan ɗan tebur a ƙofar majami'a bayan ibadar Lahadi. Kofin wancan zamani, ko masoyansa sun yarda, ɗaci gare shi, ana shansa ne don lada ba don daɗi ba.

Abin da ya fitar da harkar daga ƙofar majami'a zuwa manyan kantuna shi ne tambari. Wani malamin Katolika ɗan Holan, Frans van der Hoff, ya zauna shekaru tare da manoman kofi a jihar Oaxaca ta Meziko, inda 'yan baranda suka addabi manoma har ana kiran su da sunan wata dabba mai kama da dila. Shi da Nico Roozen na ƙungiyar Solidaridad suka ƙirƙiro wata alama a 1988 wadda duk kamfanin da ya cika sharuɗɗa zai iya liƙa wa kayansa. Suka sa mata suna Max Havelaar, sunan wani littafin ƙagaggen labari na 1860 da ya tona asirin zaluncin da Turawan Holan ke yi wa manoman tsibirin Java. Lokacin ya yi daidai, domin a 1989 yarjejeniyar ƙasa da ƙasa mai daidaita farashin kofi ta rushe, farashi ya faɗi warwas. Birtaniya ta kafa tata gidauniyar Fairtrade a 1992, kayan farko masu tambarin suka fito a 1994: cakulan Maya Gold na kokon Belize, da kofin Cafédirect, da shayin Clipper. A 1997 aka haɗa ƙungiyoyin tambarin a inuwa ɗaya mai hedikwata a Bonn ta Jamus.

Tsarin bai da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa cin kasuwa. Akwai farashin ƙasa wanda mai saye ba zai sauka ƙarƙashinsa ba ko da kasuwar duniya ta karye. Sannan akwai wani ƙarin kuɗi a kai, kamar gyara, sai dai a nan mai saye ne ke yin gyaran, kuma ba aljihun manomi ɗaya yake shiga ba, ƙungiyar gama kai ce ke zama ta yanke abin da za a yi da shi: rijiya, ko aji, ko asibitin tafi-da-gidanka. A 2019 aka mayar da farashin ƙasa na koko dala 2,400 kan kowane tan, gyaran kuma dala 240.

To amma tambari bebe ne. In mai saye bai san shi ba, zai wuce shi ya ɗauki na kusa da shi mai rahusa. Kuɗin talla a talabijin kuwa babu. Wannan shi ne giɓin da gari da makaranta suka cike, kuma a ganina nan ne hikimar take. Bayan Garstang, gidauniyar Fairtrade ta tsara sharuɗɗa biyar a 2001. Majalisar gari ta zartar da ƙuduri, ta kuma riƙa shan shayi da kofi masu tambarin a tarurrukanta. A samu kayan a kantuna da wuraren shan shayi gwargwadon yawan jama'a. Makarantu da wuraren ibada da ma'aikatu su shiga. A riƙa yin taruka ana watsa labarinsu. A kafa kwamiti mai bin diddigi. Duba da kyau za ka ga an ɗaure mai kanti da malamin makaranta da kansila da igiya ɗaya: gari ba zai samu lambar ba sai kowa ya motsa, kuma babu kansilan da ke son garin maƙwabta ya riga nasa. Kishin gari ya yi abin da wa'azi ya kasa. Landan ta samu lambar a 2008, a shekarar ne kuma Wales ta zama ƙasa ta farko da aka ba wannan suna, Scotland ta biyo a 2013. Garin Media na jihar Pennsylvania ya fara a Amurka a 2006, Saarbrücken a Jamus a 2009, Kumamoto a Japan a 2011.

Makarantu sun fi ko'ina albarka. Jami'ar Oxford Brookes ta fara samun lambar a 2003, sannan a 2007 aka buɗe tsari na musamman don makarantun firamare da sakandare na Birtaniya. Ɗalibai ke kafa kwamiti, su binciki abin da ake sayarwa a shagon makaranta da abin da malamai ke sha a ofishinsu, su shirya taron safe. Akwai wani wasa da malamai suka daɗe suna yi a aji wanda ya fi lacca goma. A kawo ayaba ɗaya ko sandar cakulan, a raba yara rukuni-rukuni: ku manoma, ku masu jirgin ruwa, ku masu masana'anta, ku masu kanti. Kowane rukuni ya faɗi rabon da yake ganin ya cancanta daga kuɗin da mai saye ya biya. A yi ta musu. Daga ƙarshe malama ta bayyana yadda ake rabon a zahiri, yaran da suka fito a manoma su ga nasu bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin cakulan ba. Yaro ba ya buƙatar digirin tattalin arziki kafin ya ce an cuce shi. Ya koma gida da wannan haushi, ranar Asabar kuma ya bi uwarsa kanti. Kowace shekara akwai makonni biyu na gangami, waɗanda aka faro a tsakiyar shekarun 1990, inda ake kawo manoma daga Afirka da Latin Amurka su zaga makarantu su yi magana da bakinsu.

Da yawa daga cikin waɗannan baƙi daga Ghana suke, kuma nan labarin ya matso kusa da mu. A 1993, lokacin da gwamnatin Ghana ta ba 'yan kasuwa damar sayen koko daga hannun manoma, Nana Frimpong Abebrese da wasu manoma suka kafa ƙungiyar Kuapa Kokoo mai cibiya a Kumasi, da tallafin kamfanin Twin Trading na Landan. Abin da ya fara jawo manoma ba tambarin Turawa ba ne, sikeli ne. Manomin koko ya daɗe yana zargin akawun saye da murɗe ma'auni. Kuapa ta ce kowane ƙauye ya zaɓi mai awonsa da kansa, kuma kowa na da ikon duba sikelin. Duk ɗan Zangon Kumasi da ya yi karatun allo ya san abin da Suratul Muɗaffifina ta ce kan masu tauye mudu, ba sai an fassara masa cinikin adalci ba. A 1998 manoman suka shiga kafa kamfanin cakulan Divine a Landan da hannun jari na kashi ɗaya bisa uku, daga baya ya haura kashi 40 cikin 100. A 2000, tare da ƙungiyar Comic Relief, kamfanin ya fitar da cakulan Dubble don yara kawai, da darussan aji kan rayuwar 'ya'yan manoman koko. Garstang kuma ta ƙulla zumunci da ƙauyen New Koforidua na yankin Asante, ana kai ziyara ana kawowa, har a 2011 ƙauyen ya zama garin cinikin adalci na farko a Afirka.

Wayar da kai ta yi nasara, wannan babu musu. Ƙididdigar gidauniyar ta nuna kusan mutum 9 cikin 10 a Birtaniya sun san tambarin. Babban kantin Sainsbury's ya mayar da duk ayabarsa mai tambari a 2007, Cadbury ta sa shi a kan Dairy Milk a 2009, da kokon Ghana.

Sai dai sanin tambari daban, cikar tukunyar manomi daban. Ƙungiyoyi da yawa ba sa samun mai sayen duk amfaninsu bisa sharuɗɗan adalci, sai su sayar da kaɗan a haka, sauran su bi kasuwa yadda ta ga dama, alhali kuɗin binciken da ke ba su tambarin yana wuyansu. Sannan akwai mutumin da hoton aji ba ya nunawa. Ɗan ƙungiya shi ne mai gona. Wanda ke riƙe da adda sau da yawa ɗan ci-rani ne daga arewacin Ghana ko Burkina Faso, yana aiki bisa tsarin abusa, inda yake ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfanin. A 2014 masu bincike na makarantar SOAS ta Jami'ar Landan suka fitar da rahoto kan Habasha da Uganda, suka ce 'yan ƙwadago a yankunan da ke da ƙungiyoyi masu tambari ba su fi na sauran wurare samun lada ba, a wasu wuraren ma nasu ya gaza. Gidauniyar ta yi musun yadda aka yi kwatancen, amma tambayar ta zauna daram. Darasin da ake koya wa yaro ɗan shekara 9 dole ya zama mai sauƙi, mugun dillali da manomi mai murmushi, kuma sauƙin nan shi ya ɓoye lebura.

Manyan kamfanoni ma sun gano cewa tunda an riga an koya wa jama'a son kalmar, ba dole sai sun biya kuɗin tambarin wani ba. A 2016 Cadbury ta sanar da komawa nata shirin mai suna Cocoa Life. A 2017 Sainsbury's ta cire tambarin daga wasu nau'o'in shayinta ta liƙa nata. A 2020 KitKat ta fice daga tsarin a Birtaniya, kuma a shekarar wani kamfanin Jamus ya saye mafi yawan hannun jarin Divine, rabon Kuapa ya koma kashi 20 cikin 100. Traidcraft, mai teburan ƙofar majami'a, ta durƙushe a farkon 2023.

Gwamnatocin Ghana da Kodebuwa, waɗanda ke noma kusan kashi 60 cikin 100 na kokon duniya, ba su jira ɗalibai ba. A 2019 suka haɗa kai suka ɗora dala 400 a kan kowane tan a matsayin kuɗin rufin asirin manomi, abin da ke tuna wa mutum yajin 1937, lokacin da manoman Gold Coast suka riƙe kokonsu wata da watanni suka ƙi sayar wa kamfanonin Turawa. A farkon 2024 kuma cutar itatuwan koko da rikicewar damina suka sa farashin tan ya haura dala 10,000 a kasuwar New York, ya ninka farashin ƙasa na Fairtrade sau huɗu, yayin da manomin Asante ke karɓar abin da hukumar koko ta ƙayyade masa tun farkon kaka. A watan Satumba na shekarar makarantun Birtaniya suka yi makonninsu biyu na gangami, suna bikin cikar tambarin shekara 30 a kantunan ƙasar.