Yadda Malam Abdullahi na Gwandu Ya Yi Karatu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, kwanan baya wani ɗalibi ya ce mini yana so ya tsallake Ahalari ya shiga Muhtasar, wai ƙaramin littafi na yara ne. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu.

An haife shi wajen 1766, ya rasu a 1829. A 1812 ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya jero malaman da ya yi karatu a gabansu da littattafan da ya ɗauka. Ya fara da Alƙur'ani a wurin mahaifinsa. Yana ɗan shekara 13 aka miƙa shi ga wansa Shehu. A nahawu ya karanta Ajurumiyya da Mulha da Ƙaɗrun Nada. A fiƙihu kuwa, Ahalari da Ishmawi da Risala, su ɗin nan da ke cikin gafakar yaranmu yau. Daga baya ya zauna gaban wasu malamai, har da Malam Jibrilu ɗan Umar. Wannan mutum shi ne ya zo ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awil.

Me za mu ɗauka a nan? Na farko, tartibi. Da rarrafe yaro kan tashi. Ƙaramin littafi shi ke ba ka kalmomin fannin, in babu su babban littafi kulle yake. Na biyu, malami. Takarda ba ta jin kuskurenka, waya ma haka. Malami ne zai ce maka "sake". Na uku, sanin daga wa ka ɗauka. Malam Abdullahi yana da shekara fiye da 40, sunansa ya riga ya kai ko'ina, amma bai ji nauyin faɗin wanda ya koya masa Ajurumiyya ba.

Wannan ƙa'ida ba ta karatu kaɗai ba ce. Dubi teloli da masu gyaran waya da babur a nan Zongo har zuwa kasuwar Dantokpa. Yaro ya yi wata shida, ya iya ɗinka wando, sai ya gudu ya buɗe shago kafin a yaye shi. Ran da ya ɓata shaddar mutane, ba shi da wanda zai koma wa. Iyaye, don Allah ku daina cire yara daga hannun masu koya musu saboda kwaɗayin ɗan abin da za su kawo gida.

Ɗalibin nan dai ya koma Ahalari, kuma a babin ƙabli da ba'adi muka tarar da gyara mai yawa.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya jiƙan malamanmu. Amin.