Warin Gaba ga Mata: Dalilansa da Lokacin da Ya Kamata Ki Ga Likita

Kowace mace lafiyayya tana da ɗan ƙamshin jiki a gabanta, kuma yakan sauya lokacin al'ada, bayan saduwa ko idan an yi gumi. Wannan ba ciwo ba ne. Abin lura shi ne wari mai ƙarfi da ba ki saba da shi ba, musamman idan ya zo da fitar ruwa, ƙaiƙayi ko ciwon mara.

Yadda farji yake kare kansa

A cikin farji akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ake kira laktobasilas. Su ne ke sa wurin ya zama mai ɗan tsami, ma'auninsa tsakanin 3.8 da 4.5, wanda ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. Duk abin da ya rage su yana buɗe ƙofar wari.

Dalilan da aka fi gani

1. Rikicewar bakteriyar farji: Wannan shi ne ya fi yawa ga matan da ke cikin shekarun haihuwa. Alamarsa ƙarni irin na kifi, wanda ke ƙaruwa bayan saduwa ko al'ada, da ruwa tsararo mai launin toka-toka. Sau da yawa babu ƙaiƙayi. Ba ƙazanta ce ke kawo shi ba. Mai yawan wanke cikin farji ma ta fi kamuwa. Ga mai ciki, yana iya jawo haihuwa kafin lokaci.

2. Tirikomonas: Ana ɗaukarsa ta hanyar saduwa. Yana zuwa da ruwa rawaya ko kore-kore mai kumfa, wari, ƙaiƙayi da zafin fitsari. Namiji yakan ɗauke shi ba tare da wata alama ba.

3. Abin da aka manta a ciki: Audugar al'ada, tsumma, kwaroron roba ko kayan matsi. Warinsa ɗoyi ne mai tsanani.

Ciwon kandida kuwa, mai fitar da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo da ƙaiƙayi sosai, galibi ba ya wari. Mutane kan haɗa su duka su ce "ciwon sanyi", alhali maganin wannan ba ya yi wa wancan aiki. Haka kuma ba a masai ake ɗaukar su ba, kamar yadda ake yawan faɗa.

Abubuwan da za ki kiyaye

- Ki yi tsarki da ruwa mai tsabta a waje kawai, daga gaba zuwa baya.
- Kada ki sa sabulu, Dettol, miski, alif, kanumfari ko kayan matsi a ciki. Suna ɓoye warin na ɗan lokaci, amma suna kashe ƙwayoyin da ke kare ki.
- Ki riƙa sa kamfai na auduga, ki shanya shi a rana.
- Ki sauya audugar mata ko ƙunzugu duk bayan awa 4 zuwa 6.

Magani

Likita zai duba ki, ya ɗebi ruwan a gwada. Ana magance dalili na 1 da na 2 da metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl, yawanci na kwana 7. Ki shanye maganin ko da warin ya tafi tun a kwana na 3. Idan tirikomonas ne, dole maigida ya sha, haka ma abokan zamanki idan akwai, kuma a dakatar da saduwa har kowa ya kammala. In ba haka ba, ciwon zai yi ta zagaye a gidan.

Ki je asibiti ba tare da jinkiri ba idan:

- Warin ya zo da zazzaɓi ko ciwon mara, musamman bayan haihuwa ko ɓari.
- Kina da ciki.
- Kina ganin jini bayan saduwa, ko bayan kin daina al'ada. Wannan na iya zama alamar sankarar bakin mahaifa, wadda ake warkewa idan an gano ta da wuri.
- Fitsari ko bayan gida na zubo miki ta gaba bayan doguwar naƙuda. Yoyon fitsari ne, kuma ana gyara shi da tiyata.

Kada kunya ta sa ki zauna da ciwo. Koke ne da muke ji kullum a asibiti, kuma idan kin fi sakewa da mace, ki nemi likita mace ko ungozoma ta duba ki.