Katun tun asali ba na yara kaɗai ba ne

Iyaye da yawa a Tchaké da sauran garuruwan Tasawa da Mayahi, in sun ga yaro yana kallon zane mai motsi a waya, sai hankalinsu ya kwanta, su ce ai katun ne, na yara ne. Tarihin abin bai goyi bayan wannan zato ba.

A shekarar 1930 kamfanin Fleischer na birnin New York, a Amurka, ya fitar da wani gajeren fim na baƙi da fari mai suna Dizzy Dishes. A cikinsa aka fara ganin Betty Boop, mawaƙiya da aka zana da kunnuwan kare, tana waƙa a gidan rawa. Zuwa 1932 ta zama mace sosai, kunnuwan sun koma 'yan kunne, rigarta gajera. Manya ne ke kallon ta a gidajen silima kafin a sa babban fim. Da aka tsaurara dokar tace fina-finai a 1934, dole aka tsawaita mata riga, aka rage mata rawar kai.

Mu ma a Nijar, zanen farko da manya ya yi magana. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya kuma je Kanada ya ƙaro ilimi wajen Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, na baƙi da fari, kimanin minti 5. Sim shugaban ƙasar kwaɗi ne da aka gayyata ziyara maƙwabciyar ƙasa, aka tarbe shi da fareti da shagali. Yaro zai yi dariyar kwaɗo, amma babba ya san habaici ne ga shugabannin Afirka na bayan samun 'yanci da son burgarsu. Alassane ya zauna a Tawa shekaru da yawa, ya rasu a 2015.

Ke nan zane kamar tatsuniyar Gizo yake, saƙonsa ya danganta da mai ba da shi. Uwa ko uba su zauna su kalli abin da yaro ke kallo, ko da sau ɗaya a mako, su tambaye shi me ya fahimta. Mu malamai kuwa, mu nemo fim ɗin Sim mu nuna a aji, yara su san ɗan ƙasarsu ya yi irin wannan aiki tun kafin a haifi iyayensu.