Mike Trout: Daga makarantar sakandare ta Millville zuwa babbar gasar besbol ta Amurka

Mike Trout ɗan wasan besbol ne na Amurka da ke buga wa ƙungiyar Los Angeles Angels a babbar gasar MLB, kuma sau uku ana zaɓarsa gwarzon shekara a rukunin American League. Duk da haka, a ranar da ƙungiyoyi suka zauna zaɓen matasan 'yan wasa a 2009, sai da aka kira sunayen mutum 24 kafin a zo kansa.

Besbol wasa ne da ɗan jifa ke wurga ƙwallo, ɗan bugu kuma ya make ta da sanda, sannan ya ruga ya kewaya tashoshi huɗu domin ya ci maki. Idan ƙwallon ta tsallake katangar fili gaba ɗaya, mai bugun zai kewaya tashoshin ba tare da tsaiko ba. Wannan shi ake kira hom-ron.

Asali da makaranta

An haifi Michael Nelson Trout ranar 7 ga Agusta, 1991, a Vineland da ke kudancin jihar New Jersey. Ya tashi a Millville, wani ƙaramin gari mai maƙwabtaka da Vineland, wanda mazaunansa ba su kai 30,000 ba, kuma aka san shi da masana'antar gilashi. Mahaifinsa, Jeff Trout, ya taɓa bin wannan hanya: ƙungiyar Minnesota Twins ta zaɓe shi a 1983, ya yi shekaru yana wasa a ƙananan gasanni, amma rauni ya tsayar da shi kafin ya kai babbar gasa. Daga nan ya koma koyarwa da horar da ɗalibai a makarantar sakandare ta Millville.

A wannan makaranta ce ɗan nasa ya yi karatu. Ya fara da jifa da tsaron tsakiyar fili, kafin a mayar da shi tsaron bayan fili a shekararsa ta ƙarshe. A shekarar ce ya buga hom-ron 18, adadin da ya kafa sabon tarihi a makarantun sakandare na jihar. Jami'ar East Carolina ta riga ta ba shi gurbi, shi ma ya amsa.

Yadda aka zaɓe shi

A tsarin Amurka, ƙungiyoyi 30 na MLB suna yin zaɓe sau ɗaya a shekara, inda kowace ke ɗaukar matashi ɗaya idan layi ya zo kanta, daga cikin waɗanda suka kammala sakandare ko suke jami'a. Kafin ranar zaɓe, masu farautar 'yan wasa kan shafe watanni suna yawo makaranta-makaranta suna rubuta rahoto.

A nan ne garin da Trout ya fito ya zame masa cikas. Sanyi da ruwan sama na arewa maso gabashin Amurka suna gajarta kakar wasan makarantu, saɓanin jihohi masu ɗumi irin su Kalifoniya da Florida da Texas, inda yara ke wasa kusan duk shekara. Saboda haka masu farauta ba su cika samun damar kallon yaran New Jersey ba, kuma sukan yi shakkar ƙarfin abokan karawarsu. Wanda ya tsaya masa shi ne Greg Morhardt, mai farautar 'yan wasa na Angels, wanda ya taɓa wasa tare da mahaifinsa a ƙananan gasanni.

Ranar 9 ga Yuni, 2009, Trout ne kaɗai daga cikin matasan da ya halarci ɗakin talabijin na Secaucus inda aka gudanar da zaɓen, ya zauna yana jira ana kiran wasu. Angels ta ɗauke shi a lamba ta 25, gurbin da ta samu a matsayin diyya bayan New York Yankees ta ɗauke mata Mark Teixeira. Ya haƙura da jami'a, ya sa hannu kan kwantiragi da ladan kusan dala miliyan 1.2.

Matakan ƙananan gasanni

Zaɓe ba ya kai mutum babbar gasa kai tsaye. Kowace ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta, hawa-hawa, kuma mafi yawan waɗanda aka zaɓa a nan suke ƙare wasansu. Trout ya fara a gasar sababbin shiga ta Arizona, ya wuce Cedar Rapids a jihar Iowa, sai Rancho Cucamonga a Kalifoniya a 2010, sannan Arkansas a 2011.

Ya buga wasansa na farko a MLB ranar 8 ga Yuli, 2011, yana ɗan shekara 19. Gwajin bai zo masa da sauƙi ba. A wasanni 40 da ya buga a kakar, sau 22 kacal cikin kowane 100 ya yi bugun da ya kai shi tasha, har ma an mayar da shi ƙaramar gasa na ɗan lokaci. Ya fara kakar 2012 a Salt Lake, mataki na ƙarshe kafin babbar gasa, aka sake kiransa a ƙarshen Afrilu. A wannan karon ya buga hom-ron 30, ya saci tasha sau 49, wato ya ruga zuwa tasha ta gaba ba tare da jiran a buga ƙwallo ba, ya kuma ci maki 129. Dukkan masu jefa ƙuri'a suka zaɓe shi sabon ɗan wasa mafi ƙwazo na American League.

Nasara da abin da ya rage

Trout ya lashe kambun gwarzon shekara a 2014 da 2016 da 2019. A Maris na 2019 ya ƙulla yarjejeniyar shekara 12 da Angels kan dala miliyan 426.5, wadda a lokacin babu irinta a wasannin Arewacin Amurka. A 2020 ya buga hom-ron na 300, ya zarce Tim Salmon a tarihin ƙungiyar.

Sai dai kofin zakarun gasar bai zo hannunsa ba. A 2014 Angels ta kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale da shi, amma Kansas City Royals ta doke ta a wasanni uku a jere. Raunuka ma sun rage masa wasa: cikin wasanni 162 na kaka, 36 ya buga a 2021 saboda ciwon sha-raɓa, 29 kuma a 2024 saboda ciwon gwiwa.

A Millville kuwa, makarantar da ya yi ba ta jingine lamba 1 da ya sa ba. Kowace shekara ana miƙa rigar ga kyaftin ɗin ƙungiyar besbol ta makarantar.