Tallafin Haya ko Tallafin Gyara? Matsalar Muhallin Talaka a Masarautar Daura

Tsakure

Maƙalar ta auna shawarar bai wa masu ƙaramin ƙarfi takardar tallafin haya a ƙananan hukumomin Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa. Ta nuna cewa tsarin bai dace da zaman gidan gado ba, kuma tallafin kayan gyara ya fi kusa da buƙatar jama'a da hurumin ƙaramar hukuma.

Gabatarwa da Bita

A 1974 Amurka ta kafa shirin takardar tallafin haya da ake kira Sashe na 8. Magidanci yakan biya kimanin kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu, hukumar gidaje ta yankinsa ta cika wa mai gida sauran kuɗin kowane wata, bayan ta duba lafiyar ginin. Masu son a kwaikwayi wannan suna da hujja, domin hanyoyin da Nijeriya ta bi ba su kai ga talaka ba. Gidajen Shagari, waɗanda aka tsara gina 2,000 a kowace jiha duk shekara, ba su kai adadin da aka yi alkawari ba. Asusun Gidaje na Ƙasa na 1992 kuwa an ɗora shi ne kan cire kashi 2.5 daga albashi, alhali manomin Baure ba ya jiran ƙarshen wata.

Sai dai masu wannan ra'ayi sun tsallake Susin (2002), wanda ya gano cewa takardun sun ɗaga kuɗin haya a manyan biranen Amurka, har waɗanda ba su samu tallafin ba suka kwana ciki. Sun kuma tsallake Schwerdtfeger (1982), wanda ya nuna yadda gidan Bahaushe a Zariya yake faɗaɗa ko ya tsuke gwargwadon aure, haihuwa da mutuwa.

Hanyar Bincike

An nazarci Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999, aka gwada su da tsarin zama a masarautar.

Sakamako

Takardar haya tana buƙatar mai gida, ɗan haya da rubutacciyar yarjejeniya. Talakan Daura kuwa galibi a gidan kakanninsa yake, shi da 'yan'uwansa, kowa da sashensa, zaure ɗaya. Idan yaro ya isa aure sai a yanka masa ɗaki a tsakar gida. Ba wanda ke binsa haya. Abin da ke hana shi barci shi ne damina: katangar da ba ta sha yaɓe ba, azarar da gara ta cinye, indararon da ya toshe, rufin soron da ke yoyo. Ga cunkoso, domin duk rabon gado yana ƙara tsuke filin, har a kai ga makewayi da madafa sun haɗa bango. Mutumin da ɗakinsa ya rufta a watan Agusta, takardar haya ba za ta tsinana masa komai ba, sai dai ta fitar da shi daga unguwarsu, nesa da dangin da ke rufa masa asiri.

Haya a Daura ta fi shafar baƙi. Kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da asibitin sojojin sama a 2019, sannan Jami'ar Sufuri, ya jawo ma'aikata da ɗalibai. A nan ma akan biya kuɗin shekara ne dunƙule, sau da yawa ta hannun dillali. Zuba kuɗin gwamnati a ƙaramar kasuwa irin wannan, ba tare da an ƙara ɗakuna ba, masu gidaje zai azurta.

Ta fuskar doka, filayen da aka ayyana a matsayin birni suna hannun gwamna. Ƙaramar hukuma tana da ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, da sanya wa gidaje lamba, da ƙiyasta harajinsu, da kula da magudanun ruwa. Wannan hurumi ya ishe ta ta yi rajistar gidajen da ke neman faɗuwa, ta hannun masu unguwa da dagatai, sannan ta ba da takardar da za a karɓi kwano, siminti da katako da ita a wajen 'yan kasuwar garin, magina na gida su yi aikin. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya rage uzurin rashin kuɗi, idan har an aiwatar da shi.

Iyakar Bincike

Nazarin na takardu ne, bai ƙunshi ƙidayar gida-gida ba. Akwai kuma zawarawa da marayun da rabon gado ya bari ba matsuguni, waɗanda tallafin haya zai iya yi wa rana. Za a ce 'yan siyasa na iya karkatar da kwanon. Haka ma za su iya yi da takardar haya.

Shawara

Majalisun ƙananan hukumomin biyar su ware kason gyaran gidaje a kasafinsu, a kuma raba takardun kayan gyaran tsakanin Janairu da Afrilu, kafin ruwa ya sauka.