Gidan Strokestown: Daula, Yunwa da Takardu

Yau labarin wani tsohon gida na kawo muku, wanda na ziyarta a nan ƙasar Ailan.

Duk wanda ya zaga karkarar ƙasar nan zai ga manya-manyan gidaje na masu ƙasa, wasu a tsaye, wasu sun zama kango. Yawancin masu su zuriyar mutanen Ingila ne da aka raba wa filayen da aka ƙwace, musamman bayan yaƙin da Cromwell ya fara a 1649. A haka iyalin Mahon suka samu Strokestown a yankin Roscommon. Su ke karɓar kuɗin hayar gona, daga cikinsu kuma ake samun alƙalai da 'yan majalisa, talaka kuwa abincinsa dankalin Turawa.

A 1845 cuta ta kama dankalin. Kafin 1852 yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya. Da haya ta gagara biya, a 1847 maigidan, Manjo Denis Mahon, ya tura talakawansa 1,490 Kanada. Sun taka da ƙafa har Dublin, tafiyar kilomita 165. Fiye da kashi ɗaya cikin uku sun mutu a jirgin ruwa ko bayan sauka. A watan Nuwamba na shekarar aka harbe Mahon.

Daga baya ƙasar ta rinƙa suɓucewa daga hannun irin waɗannan iyalai. Dokar 1903 ta ba manoma rancen gwamnati su sayi gonakin da suke haya. Tsakanin 1919 da 1923, lokacin yaƙin neman 'yanci da yaƙin basasa, an ƙone gidaje wajen 275. Waɗanda suka tsira kuma, ba gona ba haya, haraji da gyaran rufi suka cinye su.

Strokestown bai ƙone ba. A 1979 wani kamfanin motoci na garin ya saye shi, sai aka tarar da dubban takardu a ciki, har da koken talakawa masu roƙon abinci da aiki. A 1994 aka buɗe gidan tarihin yunwar a harabarsa. Ikon Allah, gidan da ya kore su shi ya adana sunayensu.

Shi ya sa nake roƙonka, Yaya, akwatin takardun marigayi Baba kada a bar wa gara. Allah Ya jiƙansa, Ya bar zumunci. A gaida Inna da yara.