Wuraren Shaƙatawa Na Ƙasarmu: Daga Ina Suka Samo Asali?

Jama'ar Sabo, mu dai mutane ne na tafiya. Kakanninmu sun sha zuwa Gwanja da jakuna neman goro, iyayenmu kuma suka biyo dogo bayan jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, har aka yanka mana wannan unguwa a 1916. Amma duk tafiyar nan tamu ta neman abinci ce. Da an ce yawon buɗe ido, sai mu ce ai wannan na Turawa ne da 'yan boko. To, bari mu waiwayi tarihin wasu wurare huɗu, mu ga ko haka abin yake.

Mu fara da Jos. Ba don hutu aka kafa garin ba, kuza ce ta tara mutane tun farkon ƙarni na 20. Cikin leburorin da suka haƙa ramukan nan, da 'yan tiredar da suka ciyar da su, akwai ɗimbin Hausawa daga Kano, Zariya da Bauchi. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa can. Da Turawa suka ji sanyin tudun, wanda ya kai kamar mita 1,200 bisa teku, sai suka mai da shi wurin hutun ma'aikatansu da zafi ya galabaitar. A 1952 aka buɗe gidan kayan tarihi na Jos, inda aka ajiye mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda tun farko a wurin haƙar kuza aka tsince su. Wato gumin lebura ne ya fara tono abin da baƙi ke zuwa kallo.

Sai Obudu, can jihar Kuros Riba, daf da iyakar Kamaru. Duk wanda ya taɓa harkar shanu a kurmi ya san ɓarnar ƙudan tsando, yadda saniya kan rame ta faɗi kafin ta kai kara. Dutsen Obudu ya haura mita 1,500, sanyinsa bai yi wa ƙudan nan daɗi ba, ga ciyawa shar. Dalilin da ya sa ke nan a 1951 wasu Turawa suka kafa gandun kiwon shanu a kansa. Masaukin baƙi daga baya ya biyo. A 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, aka kafa keken da ke tafiya a kan waya yana ɗaukar mutane zuwa ƙololuwa, don hutar da su hanyar mota mai lanƙwasa kamar maciji. Ashe dai saniya ce ta share wa masu hutu hanya.

Na uku shi ne Yankari a jihar Bauchi. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun Bauchi a 2006. Ban da giwaye da gwaggon biri, abin da ya fi jan mutane shi ne ruwan Wikki, mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse garau, ɗuminsa na nan wajen digiri 31 rani da damina. Tun kafin a yi maganar gandu akwai mutane a dajin, ga tsofaffin rijiyoyi da kogunan dutse da wuraren narka ƙarfe suna ba da shaida.

Na huɗu yana nan kusa da mu a ƙasar Yarabawa, wato Ikogosi a jihar Ekiti. A nan ruwan ɗumi da ruwan sanyi ke fitowa daga tudu, kowa da hanyarsa, su zo su haɗu a wuri guda. Mutanen garin sun daɗe suna girmama wurin, suna kuma neman lafiya da ruwansa. A 1952 wani ɗan mishan mai suna John McGee ya kai ga mafarin ruwan, daga baya ya gina sansanin matasa, kafin gwamnati ta karɓa ta mai da shi wurin hutu. Motocinmu na goro da tumatir sun sha ratsa Ekiti, amma mu nawa ne muka taɓa ratsewa mu gani?

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya cikin wuraren nan da aka fara don holewa. Kuza, kiwo, farauta da neman lafiya su ne tushe, kuma yawancinsu sana'o'i ne da muka sani. Tarihi ya kuma nuna wuri kan mutu in aka juya masa baya. Rikicin Jos na 2001 da waɗanda suka biyo bayansa sun kori baƙi, sun kuma raba maƙwabtan da suka shekara hamsin tare. Mu da ke zaune a ƙasar wasu mun fi kowa sanin tsadar zaman lafiya.

Damuwarmu ita ce 'ya'yanmu. An haife su a nan, Yarabanci a bakinsu kamar ruwa, amma in sun je Arewa a ce 'yan kurmi, in suna nan a ce baƙi. Da yawansu ba su taɓa hawa dutsen Olumo na Abekuta ba, inda Egbawa suka fake wajen 1830, balle su ga Yankari. Yaron da bai san ƙasa ba, da wane baki zai ce tasa ce?

Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa tafiya a bayan ƙasa don lura da ikon Allah abu ne mai kyau. Don haka muna ba shugabannin ƙungiya shawara, ko sau ɗaya a shekara, bayan ƙaramar salla, a yi karo-karo a ɗauki mota guda a kai ɗalibai ɗaya daga wuraren nan, a fara da na kusa. Na zaune bai ga gari ba, kuma gani ya kori ji. Allah Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, amin.